Ɗalibi da Barin Cin Nama: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Babu zangon karatun da zai wuce ba a sami ɗaliban da suka kalli bidiyo a YouTube ko TikTok, suka ƙudura daina cin nama da gyara yadda suke sayayya, sannan suka taho da tambayoyin da aka riga aka amsa wa na gabansu ba. Na tara su a nan domin a daina turo mini su ɗaya bayan ɗaya. Mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da mai sikila, da mai juna biyu, su nufi likitansu, domin wannan bayani ba nasu ba ne.

Mutum zai iya zama lafiya ba tare da nama ba?

Zai iya, kuma miliyoyin mutane a Indiya haka suke rayuwa tun kaka da kakanni. Amma kafin ka kai Indiya, ka fara tuna rabonka da ganin tsoka a kwanonka. Yawancin masu yi mini wannan tambaya aljihu ya daɗe da raba su da nama, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Ba haramun ba ne mutum ya ƙi abin da Allah Ya halatta?

Ƙin ci daban, haramtawa daban. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana mumini haramta wa kansa abubuwa masu daɗi da aka halatta masa, saboda haka wanda ya ce yanka dabba zunubi ne, ko ya ɗauki barin nama a matsayin ibada, ya yi kuskure. Wanda ya bari don lafiya, ko tsimin kuɗi, ko don ransa ba ya so, babu laifi a kansa, kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi kashedi game da sabon cin nama. Abin da ya wuce wannan, ku tambayi malamanku.

A ina zan sami sinadarin gina jiki?

A wurin da iyayenku suka same shi. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ke nan mai kilo 60 yana neman giram 48. Giram 100 na busasshen wake yana da kusan giram 23, gyaɗa kusan 25, waken suya kusan 36, ƙwai ɗaya kuma kusan 6. Ƙosai da koko da safe, garau-garau ko ɗanwake da rana, tuwo da miyar kuka mai daddawa da dare, awara ko ƙuli-ƙuli a tsakani, sun kai mutum inda yake so. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ɗalibi ya bar nama ya koma Indomie da garin kwaki da lemon kwalba, sannan ya zo yana cewa barin nama ne ya ramar da shi.

Tun da na daina nake jin jiri da kasala, me ya jawo?

Da farko dai, kina ƙoshi kuwa? Da yawa suna cire nama ba su ƙara komai a gurbinsa ba. Idan kina ƙoshi, to sai a duba jini, domin sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da alayyafo da zogale ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, kuma mace mai jinin al'ada tana rasa wani kaso kowane wata. Ki matsa lemon tsami a kwaɗonki, ki ci tumatir ɗanye ko gwaiba ko lemon zaƙi tare da abinci, ki kuma daina kora shinkafa da wake da shayi, saboda ganyen shayi yana tare hanyar shigar sinadarin. Ki je asibitin makaranta a auna yawan jininki maimakon ki sayi maganin ƙarin jini a kan zato.

Sai bitamin B12, wanda babu shi a ganye ko hatsi, duk abin da wani ya faɗa miki game da zogale. Mai cin ƙwai da shan nono ko kindirmo a kai a kai ta kwantar da hankalinta. Wadda ta bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya, dole ta sha ƙwayarsa. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana cewa lafiyarsa ƙalau kafin tafin ƙafa ya fara mutuwa da tsikari, lokacin kuwa ɓarnar ta kai ga jijiya.

Tun da wake da gyaɗa za su zama abincina kullum, ta yaya zan san wanda na saya babu maganin ƙwari a ciki?

Wannan ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma ita ce kaɗan daga cikinku suke yi. Amsa ta gaskiya ita ce ba za ka tabbatar da ido ko hanci ba, sai dai ka rage haɗarin. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, kuma babban abokin gabar wake a ajiya shi ne ƙwaron da ke huda shi. Domin kada buhu ya koma gari kafin farashi ya tashi, wasu masu ajiya suna yayyafa masa maganin ƙwari na ruwa irin wanda ake kira fiya-fiya, wanda ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. Matsalar ba jita-jita ba ce, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa.

Ana yawan cewa a sayi waken da aka ga ƙwaro yana yawo a ciki, wai shaida ce babu magani. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba hujja ba ce, tun da ana iya haɗa tsohon wake da sabo, kuma ana iya sa magani bayan ƙwaro ya riga ya ci. Haka kuma wake mai kyau sumul ba lallai ne mai guba ba, domin akwai masu ajiya a buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska. Ka ɗebi waken a tafin hannu, ka murza, ka shinshina. Idan ya buge ka da wari irin na kalanzir ko na shagon maganin gona, ka ajiye ka wuce. Idan bai yi wari ba, to ka tsallake mafi muni ne kawai.

Abin da na fi yarda da shi shi ne sanin tushe. Wanda gidansu ake noma, ko yake da ɗan ɗaki daga ƙauye, ya taho da kwano biyu ko uku lokacin kaka, ya shanya a rana sosai, ya zuba a busasshiyar jarka ya cika ta har wuya, ya ɗaure murfin da leda, kada ya riƙa buɗewa kullum. Ka tabbata jarkar ta man girki ce, ba ta fetur ko maganin feshi ba. Wanda ba shi da wannan gata ya tsaya wurin mai awo ɗaya, a kasuwar Samaru yake ko ta Rimi, ya saba da shi har ya iya tambayarsa yadda aka ajiye kayan, ko da yake shi ma sau da yawa sari ya yi daga kasuwar hatsi ta Dawanau, bai san hannu nawa buhun ya bi ba.

A wajen girki, ka wanke sau biyu ko uku, ka jiƙa, ka zubar da ruwan, ka tafasa na 'yan mintoci ka sake zubarwa, sannan ka ɗora na gaske. Wannan yana ragewa, ba ya kawarwa duka, kuma na san yana cin gas, amma jiƙon da kansa yana rage lokacin dahuwa, har ba sai ka cika kanwa ba, wadda yawanta ke lalata wasu bitamin. Gyaɗa kuwa matsalarta dabam ce: idan ta sha danshi tana yin fumfuna mai fitar da gubar da ke taɓa hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Ka tsince wadda ta yamutse ko ta canza launi, ka tofar da mai ɗaci. A ƙuli-ƙuli da tunkuza ba ka ganin irin gyaɗar da aka niƙa, don haka nan ma sai dai amanar mai yi, da kuma kada ka mayar da abu ɗaya abincinka na safe da rana da dare.

Muna haɗa kuɗi da 'yan ɗakinmu mu yi tukunya ɗaya, yaya zan yi?

Ka faɗa musu tun ranar karo-karo, kada ka bari sai an sauke tukunya. A ɗebar maka miya kafin a zuba nama, ko a saya maka ƙwai da kasonka. Kada ka yi wa kowa wa'azi a kan kwano.

Idan na koma gida hutu, Umma ta sa mini nama fa?

Ki ce: "Umma, ki bar wa su Auta, ni waken ya ishe ni." Idan kin ga ranta zai ɓaci, ko kuwa naman layya ne da Baba ya yi wata da watanni yana tanadinsa, ki karɓa ki ci. Babu wanda yake riƙe da rajista yana ƙirga miki.

Ya fi dacewa in riƙa sayayya a manyan kantuna, inda kaya ke da tambari?

Tambari ba shaidar adalci ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗalibin da zai biya abin da aka rubuta a babban kanti ko tari bai yi ba, amma ya tsaya minti goma yana ja-in-ja da tsohuwa mai zogale a bakin ƙofar makaranta, har ya nemi gyara. Idan da gaske kana son sayayya ta gaskiya, ka fara da biyan mai shagon da ya ba ka bashi tun zangon da ya wuce. Ka kuma guji ayaba da mangwaron da suka yi rawaya ɗaya tas alhali cikinsu da tauri, domin hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi game da nunar da 'ya'yan itace da kabaid ɗin masu walda.

In sayi awara a hannun yarinya mai talla lokacin da ya kamata tana aji?

Ƙin sayenka ba zai mayar da ita makaranta ba, wataƙila ma faɗa zai jawo mata a gida. Ka saya idan kana buƙata, ka biya cikakke, ka ba ta kuɗinta nan take, kuma kada ka ce ta biyo ka ɗaki karɓar canji.

Leda fa?

Ki tafi kasuwa da jakarki, ki je wurin mai abinci da kwanonki. Alalen leda kuma a koma gwangwani ko ganye.

Barin namana yana taimakon dabbobi da muhalli kuwa?

Kaɗan, amma ku daina kwafo hujjojin Amurka kai tsaye. Yawancin shanunmu na kiwon Fulani ne, ba na gidajen gonar da ake cusa dubbai a wuri ɗaya ba. Wahalarsu tana kan hanya, inda ake loda su a tirela daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari zuwa kudu cikin rana da ƙishirwa. Abin da ya fi kama da bidiyon da kuke kallo shi ne kajin gidan gona da ake fitarwa cikin mako shida ko bakwai, kuma ƙwan da na ce ku ci daga irin waɗannan gidaje yake fitowa, sai ku san da haka.

Yaushe ya fi kyau in fara?

Ban da makon jarrabawa. Cikin da bai saba da wake kullum ba yana ɗaukar mako biyu ko uku yana kumburi da iska kafin ya daidaita, kuma ɗakin jarrabawa wuri ne mai shiru. Ka fara a farkon zango, da kwana biyu ko uku a mako, ka ƙara a hankali.