Shirin Aga Khan na Tallafa wa Karkara a Arewacin Pakistan

Shirin Aga Khan na Tallafa wa Karkara, wanda aka fi sani da AKRSP, aikin raya al'umma ne da Gidauniyar Aga Khan, wato gidauniyar shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya, ta kafa a 1982. Ya fara a Gilgit, daga baya ya kai Chitral da Baltistan. Shugabansa na farko shi ne Shoaib Sultan Khan, almajirin Akhtar Hameed Khan a fannin raya karkara.

Yankin yana da wuyar sha'ani. Ƙauyuka na maƙale cikin kwaruruka tsakanin tsaunukan Karakoram da Hindu Kush, gonaki ƙanana ne, ruwan sama kuma bai taka kara ya karya ba. Noma ya dogara ga ƙanƙarar da ke narkewa a kan tsauni, kuma sai an sassaƙe magudana a jikin dutse kafin ruwan ya iso gona. A da, kafin a buɗe hanyar rami a ƙarƙashin tsauni a 2017, da hunturu dusar ƙanƙara kan toshe mashigar Lowari da ke kai wa Chitral, Chitral ta yi watanni a yanke.

Ginshiƙin shirin ƙungiyar ƙauye ce. Magidanta ke kafa ta, su riƙa zama a kai a kai, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu a asusun ajiya. A bainar jama'a suke zaɓar aiki guda da ya fi damunsu, galibi magudanar ruwa ko hanyar da za ta haɗa su da babban titi. Shirin ya ba da kuɗi da injiniya, mutanen gari su yi aikin da hannunsu, kula da shi kuma ya zama nasu. Nan ƙarfin tsarin yake, domin wanda ya fasa dutse da kansa ba ya barin magudana ta cike da yashi. A shekarun farko na shirin, ajiyar kuma takan zama jinginar karɓar bashi.

Mata sun kafa nasu ƙungiyoyin, suna kiwon kaji, noman kayan lambu da busar da 'ya'yan itace. Ƙananan tashoshin lantarki masu aiki da ruwa sun kawo wa shirin lambar yabo ta Ashden, wadda ake bayarwa kan makamashi mai ɗorewa, a 2004.

Ba duk ci gaban yankin ne aikin shirin ba, don babbar hanyar Karakoram mai haɗa Pakistan da Sin, da aka kammala a ƙarshen shekarun 1970, ita ta buɗe kasuwa. Ambaliya da zaftarewar ƙasa kuma har yau suna lalata magudanai. Pakistan ta kwaikwayi tsarin a shirin ƙasa baki ɗaya, NRSP, a 1991, Shoaib Sultan Khan kuma ya sami lambar Magsaysay, babbar lambar yabo ta yankin Asiya kan hidimar jama'a, a 1992.