Ƙabilun Wurno

Wurno gari ne a Jihar Sakkwato, kuma hedikwatar ƙaramar hukumar da ke amsa sunansa. Yana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, tazarar kimanin kilomita 40, a kan tudun da ke fuskantar fadamar Gulbin Rima. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar tana da mutum dubu 162 da 'yan kai, har da na Achida, Kwargaba, Dinawa, Magarya, Lahodu da sauran garuruwan da ke ƙarƙashinta. Kusan kowa Musulmi ne, kuma Hausa ce harshen gida da kasuwa, shi ya sa baƙo kan ɗauka jama'ar iri ɗaya ce. In an bi asali kuwa, akwai Fulanin gida da na daji, Gobirawa, Zamfarawa, Kabawa, Adarawa, Buzaye da Zabarmawa, da kuma jikokin mutanen da yaƙi ya kawo daga nesa.

Ƙidaya

Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Ta 1952 zuwa 1953 da ta 1963 sun tambaya, amma alƙaluman 1963 sun sha gardama tun ranar da aka fitar da su. Don haka ana gane ƙabilun garin ne ta hanyar da mutanensa ke gane juna: gidan da mutum ya fito, sarautar da ke gidan, tsagen fuska, da sana'ar gado.

Yadda aka tara garin

Wurno ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya kafa wajen 1830, wasu kan kawo shekarar gaba kaɗan, wasu baya. Kafin nan ya yi zama a Magariya da ke kusa, wurin da Clapperton, Bature matafiyi ɗan Birtaniya, ya gani a tafiyarsa ta biyu, 1826 zuwa 1827. Dalilin zaɓen wannan kwari a fili yake. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun masu jihadin Shehu Usmanu a 1808, amma Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ba su daina kawo hari ta Gulbin Rima ba, wani lokaci tare da Buzaye da Katsinawan Maraɗi. Sai a yaƙin Gawakuke na 1836 Bello ya karya wannan haɗaka, shekara guda kafin rasuwarsa a Wurno, inda hubbarensa yake har yau.

Ganuwa ba ta tsare kanta, sai da mutane, kuma Bello da gangan ya tara su. Ya yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su bar yawo su zauna cikin gari, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma waɗanda ke da amfani a fagen fama. Ya zo da malamai da almajiransu. Gari mai dakaru yana bukatar maƙera, dukawa, majema, masaƙa, marina da mahauta, waɗannan kuwa galibinsu Hausawa ne. A gonakin kewaye aka zaunar da bayi a rumada, wato ƙauyukan bayi manoma, domin su ciyar da garin. Haka aka yi a sauran ribaɗoɗi irin su Shinaka da Lajinge, sai dai Wurno ta ɗara su domin Sarkin Musulmi da kansa ne a ciki. Ɗansa Aliyu Babba (1842 zuwa 1859) ya mai da ita mazauninsa, a zamaninsa ne Barth, Bature matafiyi ɗan Jamus, ya sauka a garin a 1853, ya sake biyowa a 1854. Abdurrahman (1891 zuwa 1902) shi ma a nan ya zauna. Duk inda fada take, nan fatake, jakadun sarakuna masu kawo gaisuwa da masu neman fatawa ke sauka, wasunsu kuma ba su koma gida ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903 fada ta tsaya a birni, Wurno ta koma gunduma.

Fulani

Gidan sarauta na Toronkawa ne, dangin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ke danganta kansu da Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau. Ana cewa kakansu Musa Jokollo ya iso ƙasar Ƙonni wajen ƙarni na 15. Hakimin garin shi ne Sarkin Sudan, kuma sarautar tana hannun zuriyar Bello. Sanannen wanda ya riƙe ta a wannan zamani shi ne Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 2022. Akwai kuma gidajen malamai da na fadawa masu alaƙa da Giɗaɗawa, zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Sulluɓawa sun fi yawa a kusa da birni, wajen Shuni, Dingyaɗi da Wamakko, amma auratayya ta watsa su ko'ina a kwarin.

Waɗannan Fulanin gida sun daɗe da komawa Hausa. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u, wadda ta rasu wajen 1864, ta ga dole ta yi waƙoƙin wa'azi da Hausa bayan na Fulatanci da Larabci, domin matan da malamai matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, ke karantarwa, musamman waɗanda aka kamo a yaƙi, Hausa suke ji. Yau dattijo zai lissafa kakanninsa har zuwa ga wani mai tutar jihadi, amma da Sakkwatanci zai yi lissafin.

Fulatanci ya rage ne a rugage. Fulanin daji suna kiwon shanu irin Gudali da Rahaji, suna gangarowa fadama da rani idan ciyawar tudu ta ƙare. Tsohuwar al'ada ita ce bayan girbi manomi ya bar garke ya kwana a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba da damin gero. Ranar kasuwar Achida matansu kan jera ƙoren nono da man shanu a inuwa, ciniki da Hausa, hira tsakaninsu da Fulatanci.

Hausawa

Su ne mafi yawa, amma kalmar ta rufe asali daban-daban. Gobirawa ne suka fi fitowa fili, domin ƙasar tana bakin tsohuwar Gobir. Ana gane dattawansu da tsage masu yawa da suka tashi daga gefen baki zuwa wajen kunne, tsagen da yanzu ba a cika yi wa yara ba. Zamfarawa sun riga Gobirawa riƙe wannan sashe na Rima, kafin Sarkin Gobir Babari ya ci birninsu a tsakiyar ƙarni na 18. Kabawa sun zo ta yamma, kuma da su ake danganta Sarkawa, masuntan da ke bin gulbi da koma da gora. Adarawa daga ƙasar Adar suke, yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar. Wasu sun zo tun zamanin jihadi, wasu sun gudo wa haraji da aikin tilas na Faransawa, wasu kuma fari ya koro su, musamman na 1913 zuwa 1914 da na 1973 zuwa 1974.

A ƙasar Sakkwato sunan sarauta yana iya ruɗar mai bincike. Sarkin Gobir na Gwadabawa da na Isa jinin Shehu ne, sunan ƙasar da suke tsaro aka ba su, alhali Sarkin Gobir na Sabon Birni daga gidan sarautar Gobir na asali yake. Wanda ya ƙirga ƙabilu ta bin sunayen sarautu zai yi kuskure babba.

Noman rani a fadamar Wurno da Lugu, na shinkafa, albasa, alkama da tafarnuwa, ya haɗa kowa. Ruwan yana zuwa ta madatsar Goronyo, kuma a bakin kwami ba a tambayar asali, sai dai layin ban-ruwa.

Jikokin rumada

Mutanen da aka kamo a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun fito daga wurare da yawa, wasu Hausawa ne, wasu daga ƙabilun kudancin daular Sakkwato. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Jikokinsu Hausawa ne a harshe da addini da komai, suna da gonaki da malamai da attajirai. Ba a tayar da zancen a bainar jama'a, ko da yake yakan ɓullo a wasu gidaje lokacin neman aure, abin da malamai suka daɗe suna tsawatarwa a kai.

Buzaye, Zabarmawa da baƙi

Buzaye sun san hanyar Rima tun zamanin ayarin gishiri da dabino. Na yanzu sun fi yin kiwon raƙuma, gadi da sayar da shayi. Zabarmawa kaɗan ne, galibi 'yan kasuwa. Akwai 'yan tsirarun Yarabawa da Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran babur, sai ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima da ke zuwa su tafi. Bayarabe da Bagobiri abokan wasa ne, kamar yadda Bafulatani yake da Babarbare, kuma wasan yana nan da ransa a kasuwa.

Halin yanzu

Kalmar "Hausa-Fulani" da jaridu ke amfani da ita tana da masu karɓa da masu ƙi. Masu karɓa suna nuna auratayyar shekara 200, masu ƙi suna cewa tana shafe bambancin makiyayi da manomi, da na mai mulki da talaka. Tun wajen 2018 hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, a Rabah, Goronyo, Isa, Sabon Birni da wasu ƙauyukan Wurno, suka tayar da manoma da makiyaya daga muhallansu, da yawa suka koma manyan garuruwa wurin dangi. Zargin juna da ya biyo baya ya fi faɗawa kan Fulanin rugage, waɗanda su ma an kore wa shanu.