Damuwa ce ke kawo olsa?

An daɗe ana cewa yawan tunani da damuwa ne ke haddasa gyambon ciki. Ba laifin masu faɗa ba ne, don mai damuwa yakan ji cikinsa na zafi, abinci ya fita ransa. Sai dai tun 1982 aka gano ƙwayar cutar H. pylori, wadda ita ce ke kawo yawancin olsa, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen. Damuwa kan tsananta raɗaɗin, amma kwantar da hankali kaɗai ba ya kashe ƙwayar.

Gwajin bahaya ko na numfashi a asibiti yana nuna ta. Ku kuma buɗe 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin ciwon jiki, za ku ga gargaɗi kan ciki. Don Allah a tura wa duk wanda ya daɗe yana shan maganin olsa ba gwaji.