Nissen Dosoron: Ra'ayin Asali Ɗaya na Japanawa da Koriyawa

Nissen dosoron ra'ayi ne da ya yaɗu tsakanin malaman Japan daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa 1945, mai cewa Japanawa da Koriyawa kakansu ɗaya. Masanin harshe Kanazawa Shozaburo ya fitar da littafi mai wannan suna a 1929, yana kafa hujja da kamannin nahawun harsunan biyu.

Ba daga sama ra'ayin ya faɗo ba. A ƙarni na 6 Sarki Seong na masarautar Baekje da ke Koriya ya aika wa fadar Japan gunkin Buda da littattafan addinin, kuma magina, masaƙa da marubuta da suka ƙetaro daga zirin Koriya sun zauna a Japan, ana kiransu toraijin. Littafin tarihi Nihon Shoki na shekarar 720 ma ya kawo wata ruwaya cewa Susanoo, ɗaya daga cikin allolin Japanawa, ya sauka ne a masarautar Silla da ke Koriya kafin ya ƙetara zuwa Japan.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da aka yi da wannan zumunci. Bayan Japan ta haɗe Koriya a 1910, sai aka riƙa bayyana mamayar da cewa ƙane ne ya dawo gidan wansa. Gwamnan Japan a Koriya, Minami Jiro, wanda ya karɓi mulki a 1936, ya ɗauki taken naisen ittai, wato Japan da Koriya jiki ɗaya. A ƙarƙashin wannan take aka danne koyar da Koriyanci a makarantu, a 1940 kuma aka matsa wa iyalai su ɗauki sunaye irin na Japanawa. Ɗan'uwantakar baki ce, don a hakki da albashi Bakoriye bai taɓa zama daidai da Bajapane ba.

Masu kishin Koriya sun riga sun ja nasu layin. Masanin tarihi Shin Chae-ho, tun a 1908, ya rubuta tarihin Koriya a matsayin na al'umma mai zaman kanta, minjok, zuriyar Dangun, wanda almara ta ce shi ya kafa masarautar Koriya ta farko.

Da ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Japan ta yi watsi da ra'ayin, ta koma kiran kanta al'umma mai jini guda, Koriyawan da suka rage a ƙasar kuwa suka rasa takardar zama 'yan ƙasa a 1952. Shi ya sa aka ɗaga gira a Disamban 2001, lokacin da Sarkin Japan Akihito ya ambaci cewa tsohon littafin tarihi Shoku Nihongi ya danganta mahaifiyar Sarki Kanmu na Japan da zuriyar Sarki Muryeong na Baekje. Jaridun Koriya ta Kudu sun ba maganar muhimmanci, yawancin na Japan kuwa suka wuce ta a taƙaice.