Rinin masaƙa a cikin dabba: yadda ya shiga ba haka yake fita ba

An daɗe ana cewa idan saniya ta sha ruwan rinin masaƙa, yadda ya shiga haka yake fita, in fitsarinta bai canza launi ba kuwa shi ke nan.

Rinin da ake kira azo ba haka yake ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji suna sare shi, launin ya ɓace, gutsattsarin su shiga jini. Hanta ta sarrafa su, ƙoda ta fitar da wasu ta fitsari, wasu su bi kashi. Wasu nau'o'in rinin suna sakin wani sinadari da ake kira benzidin, mai haddasa kansar mafitsara, ko da fitsarin ya fito garau.

A duba sunan sinadarin a jikin durom ɗin rinin, a nuna wa likitan dabbobi. Don Allah a tura wa makiyaya.