Tsoffin sulallan gado: yadda ake gane darajarsu kafin a yi musaya

Ba kasafai mai tara tsoffin kuɗi yake barin wa magadansa bayanin abin da ya tara ba. Abin da ake tararwa bai wuce gwangwani ko ƙaramin akwati ba, cike da sulalla na ƙasashe daban-daban, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu rubutunsu ya kusa shafewa. Ana nan sai wani mai irin wannan sha'awa ya ji labari, ya zo da tayin musaya: ba ni wannan, in ba ka wancan. Ga abin da ya kamata magaji ya sani kafin ya sallama.

Tunda sun tsufa, ba shi ke nan suna da tsada ba?

A'a, kuma nan ne mafi yawan mutane suke fara ruɗuwa. Ƙananan kuɗin tagulla na daular Rum da aka buga a ƙarni na huɗu, zamanin sarki Kwanstantin da 'ya'yansa, sun haura shekara 1,600, amma suna cikin kuɗin dā mafi araha a kasuwa, domin an buga su bila adadin, har yau kuma ana tono su tulu-tulu. A ɗaya gefen, kwabon Ingila na 1933 bai cika shekara ɗari ba, sai dai waɗanda aka san da su a duniya ba su kai goma ba. Dala ashirin ta zinariya da Amurka ta buga a wannan shekarar ta 1933 kuwa, an sayar da guda ɗaya a gwanjon Sotheby's a 2021 kan kusan dala miliyan 18.9.

Shekarar da ke jiki ma tana yaudara. Kuɗin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya yana ɗauke da 1780, shekarar da ta rasu. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canza ba, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay, har adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da shi. Wanda ke hannunka mai yiwuwa a ƙarni na ashirin aka buga shi, kuma darajarsa ba za ta yi wa azurfar da ke cikinsa nisa ba.

Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin abu, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. In ɗaya ya ɓace, farashi ya sauka.

To daga ina zan fara?

In kayan ba naka ba ne kai kaɗai, a gama magana da sauran magada tukuna. Sule ɗaya da ya fita ba da saninsu ba yana iya jawo rigimar da ta fi kuɗinsa.

Sai ka shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ka ɗauki kowane ɗaya ta gefensa, ba ta fuskarsa ba, ka rubuta ƙasarsa da shekararsa da adadin da ke jiki, ka ɗauki hotonsa gaba da baya. Ka nemi gilashin ƙara girman abu ka duba ko akwai wani ɗan harafi da ke nuna gidan da aka buga shi. Wannan harafi ba ado ba ne. Sentin Amurka na 1909 mai hoton tsohon shugaban ƙasar Linkon da haruffan VDB a bayansa, an buga kusan miliyan 28 a Filadelfiya ba tare da wani harafi ba, amma wanda aka buga a San Faransisko, mai ƙaramin S a ƙarƙashin shekara, 484,000 ne kacal, kuma tazarar farashinsu kamar sama da ƙasa take. Haka kwabon Ingila na 1918 da 1919: masu H ko KN kusa da shekara wasu kamfanoni ne na Bamingaham suka buga su, kuma sun fi sauran wuyar samu.

Shafin Numista a intanet yana taimakawa wajen gane kuɗin kusan kowace ƙasa, da nauyinsa da faɗinsa da irin ƙarfensa. In marigayin ya bar takardu, ko rasiɗai, ko ƙananan ambulan da ya yi rubutu a kai, kada a zubar. Sanin inda abu ya fito yana ƙara masa daraja.

Ta yaya zan san kuɗin azurfa ko zinariyar da ke ciki?

Wannan shi ne lissafi mafi sauƙi, kuma shi ne ƙasan farashi: ko da babu mai sha'awar sulen, ƙarfensa yana da kuɗi. Ka ninka nauyinsa da kason azurfar da ke ciki, ka raba da 31.1, wato giram ɗin da ke cikin oza ɗaya ta awon zinariya da azurfa, sannan ka ninka da farashin oza na ranar.

Ɗauki sulen Ingila, wato shilling, mai nauyin giram 5.66. Wanda aka buga kafin 1920 azurfarsa kashi 92.5 cikin ɗari ce, wato kimanin giram 5.2. Daga 1920 zuwa 1946 aka mayar da ita rabi, giram 2.8. Daga 1947 kuwa babu azurfa ko ƙwayar zarra, gamin jan ƙarfe ne da nikel. Sule uku masu girma ɗaya da nauyi ɗaya, amma na farko ya kusa ninka na biyu, na uku kuma ba ya cikin lissafin. A Amurka, senti goma da senti ashirin da biyar da rabin dala kashi 90 azurfa ne har zuwa 1964. Fam ɗin zinariya na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, zinariya tsantsa a ciki giram 7.32.

Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin gado a nan darajarsa take tsayawa, gara mutum ya san haka tun da wuri.

Sun yi datti. In wanke su su yi ƙyalli kafin in nuna wa kowa?

Kul. Ba da toka ba, ba da lemon tsami ba, ba da man goge ƙarfe ba, ko da bakin riga ma kada ka murza. Wannan duhun da shekaru suka ɗora wa azurfa ko tagulla masu tarawa suna son sa, kuma gogewa tana barin siraran ƙarce da ido mai sani yake hangowa nan take in ya karkata sulen a haske. Abin da aka goge ba ya komawa yadda yake, kuma farashinsa yana faɗuwa ƙwarai. Ka ajiye su inda babu laima, kowane a gidansa don kada su riƙa gogar juna. Ka guji ledar roba mai laushi irin ta PVC, domin da daɗewa tana barin wani koren danƙo da ke cin fuskar ƙarfe.

Me ake nufi da lafiyar sule, wa kuma yake yanke hukunci a kai?

Ana duba inda zane ya fi tudu, domin nan hannu yake fara cinyewa: gashin kai, kunci, kunne, saman kambi, fukafukan tsuntsu. In silin gashi yana fitowa ɗaya-ɗaya, sulen bai sha yawo ba. In kan ya zama sumul, ya sha. Sai a duba gefe ko ya bugu, ko an taɓa huda shi aka rataya, ko an yi masa walda aka cire.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai taɓa shiga hannun jama'a ba ne. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, a 1987, suna tantance sule, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin gidan roba mai tauri. Wanda aka goge ko ya ji rauni sukan tabbatar na gaske ne, su rubuta aibinsa, amma su hana shi lamba. Aikin nasu na kuɗi ne, ga kuɗin aikawa da inshora, don haka ba ya biya sai a kan abin da ake kyautata zaton mai tsada ne.

Wani abu da kowane tsohon hannu ya sani: mai kaya kullum yana ganin nasa ya fi yadda yake, mai saye kuma yana ganin bai kai ba. A wasu sulallan, matakin lafiya ɗaya tak yana iya ninka farashi, shi ya sa gardamar musaya takan ƙare a nan.

Na gani a intanet ana sayar da irin nawa da makudan kuɗi. Wannan ne farashinsa?

Wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne, kuma kowa yana iya yanka abin da ya ga dama. Abin nema shi ne nawa aka biya. Shafin cinikin intanet na eBay yana nuna kayan da aka riga aka sayar, gidajen gwanjo irin su Heritage suna ajiye sakamakon cinikinsu. Ka nemo uku ko biyar masu shekara ɗaya da harafi ɗaya da lafiya ɗaya da naka, na kwanan nan, ka watsar da wanda ya yi sama fiye da kima da wanda ya yi ƙasa, ka riƙe na tsakiya. Ka tuna farashin gwanjo yakan haɗa da la'adar da mai saye ya biya, wadda sau da yawa takan kai kusan kashi ashirin, ba duka ne ya shiga aljihun mai kaya ba. Littattafan farashi kuwa jagora ne kawai, sukan nuna kuɗin da za ka saya a kanti, ba wanda za a ba ka ba.

To yaya musaya ta adalci take?

Kowane sule farashi biyu gare shi: wanda dillali zai saya a hannunka, da wanda zai sayar maka. Tsakaninsu ribarsa ce, kuma halal ɗinsa ce, tunda shi ke biyan haya yana jiran mai saye. Cutar da ake yi wa sabon shiga a musaya ba ta bukatar ƙarya ko ɗaya. Sai a ƙiyasta kayanka da farashin da dillali zai saya, a ƙiyasta na wancan da farashin kanti. Kowace lamba gaskiya ce, amma an auna naka da ƙaramin mudu, nasa da babba.

Maganin abin shi ne ku amince da ma'auni ɗaya tun kafin a fito da kaya. In farashin kanti ne, na kowa ya zama na kanti. In sakamakon gwanjo ne, haka. In ƙarfe ne, ku ɗauki farashin rana ɗaya. Kowa ya rubuta jimillar nasa, in an samu rata sai a yi ciko da kuɗi ko da wani sulen.

Akwai abin da lissafi ba ya nunawa. Sule ɗaya mai kyau, wanda ake nema, ya fi tarin ƙanana guda ashirin ko da jimillarsu ta zo daidai, domin shi gobe za ka sayar da shi, su kuwa sai ka yi ta neman mai so ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo maka da cikin hannu na tarkace yana neman guda ɗaya tilo daga akwatinka, ya san abin da ya gani. Ba lallai macuci ba ne, amma ka ajiye wannan gudan a gefe har ka bincika. In kuma naka ne zai cike masa giɓin jerin da ya daɗe yana haɗawa, kana da damar neman ƙari, shi ma ya san da haka.

Ra'ayina shi ne kada magaji ya yi musaya a zaman farko, kuma kada wanda zai karɓi kayan ya zama shi kaɗai ne ya faɗi darajarsu. Mai gaskiya ba ya jin haushi don ka ce za ka nuna wa wani. Sulen da kuma ka san kakanka ya fi so, cire shi daga ciniki gaba ɗaya, domin babu mai biyan ka kuɗin tunawa da shi.

Ta yaya zan kauce wa jabu?

Ƙaramin sikeli mai auna ɗigon giram ya fi komai amfani. Dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan nauyinta giram 26.73 ne, faɗinta milimita 38.1. Sha yawo yana rage ɗan kaɗan, amma in giram guda ko biyu suka ɓace, akwai magana. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, don haka in ya kama an gama. In bai kama ba kuwa ba shaida ba ce, tunda ana yin jabu da farin gami da ba ya kamuwa. Wanda aka zuba a mazubi yakan nuna ɗan layi a gefe, ko ƙananan ramuka a fuska, rubutunsa kuma ya yi dusu-dusu.

Wata jabun ta fi wayo: sulen na gaske ne, shekarar ko harafin aka taɓa. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe maimakon tagulla saboda yaƙi, 'yan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure, suka zama abin nema. Sai masu dabara suka riƙa shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan jan ƙarfe, wanda maganaɗisu ke tona asirinsa, ko su kankare 8 ta 1948 ta koma 3. Gidan roba na kamfanonin tantancewa ma ana kwaikwayonsa, don haka ka shigar da lambar da ke jiki a shafin kamfanin, in akwai hoto ka gwada shi da abin da ke gabanka.

In wanda za mu yi musayar yana nesa fa?

Ka nemi shaidar waɗanda suka taɓa hulɗa da shi, ku fara da ƙaramin abu. Ku rubuta yarjejeniya: me zai tafi, me zai zo, wa zai fara aikawa, kwana nawa mutum yake da su ya mayar in abin bai yi daidai da hoto ba. A aika ta hanyar da ake bin sawun kaya, da inshora. In za a tsallake iyaka, a duba doka tukuna. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ƙasashe da yawa, irin su Italiya da Girka da Turkiyya da Masar, suna da tsauraran dokoki kan fitar da kayan tarihi, kuɗin dā na ciki, kuma kwastan na iya riƙe kunshin da ba shi da takarda.