Ma'anar lambar firam a tsofaffin baburan Ingila

Lambar firam, wadda makanikai kan kira lambar shasi, ita ce haruffa da alƙaluman da kamfani ya buga a jikin ƙarfen da ke ɗauke da injin babur, kuma a wurin masu tara tsofaffin baburan Ingila ita ce shaidar farko ta shekarar ƙira. Ana iya sauya tanki da fitila, har da injin kansa, amma firam shi ne babur a idon hukumar rajista.

Kowane kamfani da tsarinsa. Norton, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ba kowace shekara harafi guda: A ita ce 1946, B 1947, a haka har R a 1960, tare da tsallake wasu haruffa kamar I da O domin kada a ɗauke su alƙaluma. Triumph kuwa, daga ƙirar 1969, ya koma ga haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekara. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin shekarar ƙira a masana'antar Triumph da ke Meriden tana farawa ne a watan Agusta. Babur mai haruffan KD (K Satumba, D ƙirar 1970) an haɗa shi a Satumbar 1969, amma ƙirar 1970 ne, kuma kayan gyaran 1970 zai karɓa.

A baburan Triumph masu silinda biyu ana samun lambar a gefen hagu kusa da wuyan firam, sau da yawa fenti ya binne ta. Mai dubawa yakan goge wurin da tsumma da kananzir, ya haska tocila a karkace, sannan ya shafa da yatsa, saboda wurin da aka kankare aka sake bugawa yakan lotsa. Daga nan sai ya kwatanta da lambar injin. Idan sun zo ɗaya, darajar babur takan tashi sosai.

Ƙafafun gaba, wato ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba, shaida ce ta biyu. Kafin yaƙin, yawancin baburan Ingila suna da ƙafafun sanduna masu sifirin a fili wajen wuya. Matchless ya fito da ƙafafun bututu masu mai a ciki, Teledraulic, a kan baburinsa samfurin G3L a 1941, sauran kamfanoni suka bi bayan yaƙi, ciki har da Norton da nasa Roadholder. Kamfanin Vincent bai bi ayari ba, ya ƙera nasa ƙafafun sanduna mai suna Girdraulic.

A ganina bai kamata a dogara da ƙafafu su kaɗai ba, domin su ne ke fara lanƙwashewa a haɗari, kuma masu babura da dama sun ɗaura wa tsohon firam sababbi. Idan shaidun biyu suka saɓa, ana komawa ga littattafan masana'anta da ƙungiyoyin masu irin waɗannan babura ke adanawa, inda aka rubuta ranar da babur ya bar kamfani da dillalin da aka aika wa.